Gawon Illo

Motar Tawa ta sauke ni Tabalak da hantsi,
bakin kwalta, gefen mai tuyar kifi.
Na zo da jaka ɗaya da tambaya ɗaya,
sai ƙamshin karfasa ya riga kowa gaisuwa.

Na bi layin 'yan albasa da ƙafa,
buhu kan buhu har sun tare hanya.
Wani Buzu na ɗaure akuya a inuwar babbar mota,
rawani ya bar masa ido biyu na dubawa.

Tsahara mai kifi ta ce, "Kai baƙo ne?"
Na ce, "Ubana ɗan nan ne, Illo mai gawo."
Ta juya tarwada a mai, ba ta ko ɗago ba,
ta ce, "Sunan ya girme ni. Gangara bakin ruwa."

Na gangara. Lungu ya ƙare a laka.
Yara na wanke jaki, jaki na ƙi.
Zannuwa sun sha rana a kan ƙaya,
belbela na takawa kamar mai bin bashi,
taru ya kwanta a yashi yana bushewa.

Baba ya sha faɗa mana a daren Agadas:
daga rijiya zuwa gawo taku saba'in ne,
geron wurin ya fi mutum a kan raƙumi.
Takun nan na zo ƙirgawa.

Ganda ɗan fito ya ce dala arba'in,
na shiga tsakanin babur da buhun dankali.
Tsohuwa ta rungume kaji uku kamar jikoki,
ɗan lakwal ya ɗora littafinsa a ka.
Ganda ya miƙo mini gwangwanin tumatir,
ya ce, "Jirgina na sha. Kai ke da kwarfewa."

Gora ta nutse, gora ta fito.
Gari ya ja da baya, hasumiya ta gajarta,
hayaniyar tasha ta koma kukan sauro.
Ban san tsoro na zama a gwiwa ba,
sai da na ga tawa tana rawa.

A tsakiya na ce masa, "Ka san Illo?"
Ya yi dariya, ya nuna da haɓa:
wani kututture baƙi, tsaye cikin tabki,
tsuntsu a kansa yana shanya fiffike.
"Illo ban san shi ba. Gawon Illo kuwa ga shi,
da shi muke gane hanya in dare ya yi.
Rijiyar ma mun wuce ta, ba ka ji sanyinta ba?"
Na daina kwarfa. Ruwa ya ci gaba da shigowa.

Na leƙa ƙasa ko zan ga kunya ɗaya,
sai fuskata, da gemun da na gada.
Tun daga nan na ƙirga sukar gora,
goma sha tara muka kai gawon.
Na taɓa shi. Tsohuwa ta ce, "Yaro, muna da wurin zuwa."

Ƙetare, lambu ne iya ganin ido,
injin ban ruwa na tari yana tofarwa,
yarinya na korar tumaki daga kabeji.
Na yi yawo har takalmina ya yi nauyi,
ba wanda na sani, ba wanda ya hana ni wucewa.

Da almuru muka komo, jirgi ba kaya.
Tsahara na kashe wuta ta ce, "Ka samu gonar?"
Ta naɗe mini karfasa biyu a takarda, da yaji.
Na zauna bakin kwalta ina zare ƙaya,
na ce, "Na samu. Har yau tana bayarwa."