Takalman Janwe

Ranar Talata, a hanyar Gwadabawa,
rana ta dafa kwalta har tana kama takalmi,
ina jan wata bas da ta mutu da albasa a cikinta,
sai tayar baya ta hagu ta ce tau!
Sarƙa ta yi kuka,
bas ta biyo ni tana neman hawa gadon bayana.
Labbo, yaron motata, ya kira sunan uwarsa
kafin ya tuna da salati.
Allah ya tsare.
Albasa kaɗai ta yi tsere a kan titi.

Shi ya kawo ni rumfar Arzika a cikin Sakkwato,
inda tayoyi ke jibge kamar masa a faranti.
Ya share gumi da hularsa, ya ce,
"Mi kaka so, mai janwe?
Ga 'yar Kwatano, rabin kuɗi,
dibi zanenta awa sabon kitso."

Na durƙusa, na bi kitson da farce.
Wuƙa mai zafi ce ta yi shi, ba injin kamfani ba.
Gefenta duk faso ne, irin na diddigen manomi.
Na tofa yawu, na goge lambobi huɗun nan na jikinta:
an haife ta shekarar da ɗiyata ta fara tafiya,
yarinyar da yau ke aji shida.
Na ce, Arzika, wannan tsohuwa ce aka shafa wa hoda.
Ya yi dariya bai musa ba.

Ya mirgino wata, sabuwa fil, tana ƙamshin roba.
Na danna ta da gwiwa, ta lotsa.
Wannan ta motar ofis ce,
wadda kayanta duka jaka ɗaya ne da jarida.
Ni kuwa a-kori-kurata gawar wasu take ja,
ga nauyinta, ga nauyin wadda ta ƙi tashi,
ga rami, ga gangare, ga zafin bazara.

Sai ya shiga can ciki, inda duhu yake,
ya fito da baƙa mai kaurin wuya
kamar bijimin huɗa,
zare takwas a cikinta, haƙora duk a cike.
Ya faɗi kuɗin a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa.

Na ƙirga abin da ke aljihuna.
Na sake ƙirgawa, ko ya haihu.
Bai haihu ba.
Kuma ba nawa ba ne ni kaɗai:
a ciki akwai alkawarin firjin Tumba,
wadda wata bakwai ke nan tana sayen ƙanƙara
don kada zoɓonta ya yi zafi kafin azahar.

Huɗu nake so. Biyu na iya.
Na ce a sa su a baya,
can ne sarƙa ke zama, can nauyi ke sauka.
Na gaba su ƙara haƙuri zuwa kaka,
mai dama-dama cikin tsofaffin ta koma safaya,
wadda ta fashe kuma
Labbo ya riga ya yi cinikinta da mai yanka takalma.

Hali mai faci ya ba su iska,
ya ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul,
muka zuba ido mu uku.
Ko kumfa ɗaya.

Motar ta miƙe daga baya
kamar wanda aka yi wa sabon takalmin salla.
Ina tsaye ina tsara abin da zan gaya wa Tumba,
in fara da firjin ko in fara da Gwadabawa,
sai waya ta yi ƙara:
wani ne a Kwannawa, injinsa ya buga,
da buhu ashirin na gero a baya.

Labbo, bar shan ruwan nan.
Ɗauko sarƙa.