Kwalin Takalma

Kwana biyu da wuni muka yi a bas
daga Wusasa zuwa Kumasi,
mu goma sha ɗaya, ƙafafu duk sun kumbura.
Baba Filibus na jan waƙar yabo a kowace iyaka
don kada mu ji zafin abin da ake karɓa.
A bayan mota kwalaye takwas:
takalman roba, littattafan rubutu, maganin tsutsar ciki.

An sauke mu a Aboabo, bayan majami'a mai rufin kwano,
inda kwata ke bi ta ƙofar kowa ba sallama.
Na zo da Turancina a goge kamar kwanon baƙi,
sai wani yaro ya ƙwala kira: "Malama ya zo!"
Ya zo. Ni ce ya zo.
Hausarmu ce, ta biyo fataken goro tun tuni,
ta zauna, ta hayayyafa, ta daina raba mace da namiji.
Na yi dariya har kunya ta kama ni.

Aikina awon ƙafa.
Kujera 'yar tsuguno, daro, sabulu, tsumma a kafaɗa.
In wanke, in gwada, in kira lamba,
Damaris ta miƙo daga kwali.
Na sha jin wa'azin wankin ƙafa a makon Ista,
amma ba wanda ya taɓa faɗa mini
yadda faso ke kama tsumma,
ko yadda yaro ke janye ƙafa don cakulkuli,
ko cewa baya zai riƙe tun kafin azahar.

Ta ɗari da bakwai ita ce Sanatu.
Shekara tara, in ji ta. Wuyanta ya girme ta.
Gashin tsakar kai ya kwanta inda gammo ke zama.
Uwarta na dako a kasuwar Kejetia, ita ma ta fara
da ƙaramin daro, doya huɗu, biyar.
Na sa mata shuɗi, ya zauna daram.
Ta dube shi kamar kayan maƙwabta.
Idonta na can bayana.

"In kun gama, wa zai ɗauki kwalin?"

Na ce wane kwali?
Ta nuna da leɓe.
"Gaban shagon mai taya muke kwana.
Siminti na da sanyi da asuba.
Ƙanina na tari."

Wata uku muka yi muna tara baiko don takalma.
Mun yi taro kan launi, mun yi gardama kan lamba.
Kwalayen kyauta muka samo a Sabon Gari,
har an ce a ƙone su in an gama.

Na zazzage sauran takalman a ƙasa.
Damaris ta harare ni, sannan ta zazzage nata.

Daren nan aka ce kowa ya ba da shaida.
Wasu sun yi kuka. Ni na ce a wuce ni.
Ina ta lissafin tsawon kwali in an ware shi,
ko zai ɗauki yaro da rabin yayarsa.

Ran komawa ina kokawa da akwati a tasha,
sai na ji an ɗage shi sama.
Sanatu ce, ƙafa ba takalmi.
"Na ajiye sai Sallah," ta ce, ko juyowa ba ta yi ba.
Ta kutsa tsakanin motoci, ina bin ta da sassarfa.
Da ta sauke, na ware hannu zan rungume ta,
ta miƙo nata: "Sidi biyar."
Na ce, har da ni?
Ta ce, "Kyauta daban, aiki daban."
Na ba ta goma. Ta kwance bakin zani, ta ƙirgo mini canji.

Yanzu ga takardar rahoto a gabana:
yara nawa, takalma nawa, rayuka nawa.
Na cike biyun farko.
Na ukun na bar wa Mai ƙirga su.
Can ƙasa, inda aka ce sauran bayani, na rubuta:
baɗi a zo da kwalaye masu kauri.