Mai Ɗaga Waya

Ƙarfe biyun dare Stoyko ya buga mini ƙofa:
"Tashi, Zlatin, ɗauko gorarka,
tsuntsun ya iso bakin gada."

Na fito, takalmi ɗaya a ɗaure, ɗaya a sake.
Shekara ashirin da uku ina hawa turken lantarki
a wannan ƙauye na kudancin Bulgeriya,
na ɗaga wa motar girbi waya,
na ɗaga wa motar da ta kawo ƙararrawar coci,
ban taɓa ba jirgin yaƙi hanya ba.

Fitila ruwan ɗorawa ce ta fara leƙowa,
tana juyi bisa motar 'yan sanda,
sai wata, sai wata,
sannan tirela mai taya talatin da biyu, na ƙirga,
tana jan jiki kamar mai ciwon ƙugu.
Ga shi nan a kanta, kwance.

An cire masa fukafukai.
Suna biye a wata mota, lulluɓe da tamfol,
kamar ƙofofin gidan da aka rushe.
An toshe bakinsa da jan murfi,
sarƙa huɗu ta riƙe shi.
Hancin ne kawai bai ji labari ba,
tsininsa na nan kamar basilla.

Babana ya yi wa irinsa bauta shekara goma sha tara.
Shi ke ɗaure kusa, shi ke goge masa ciki da tsumma,
bai taɓa tashi a cikinsa ba ko sau ɗaya,
amma a can ya baro kunnensa na hagu.
In ya ratsa samanmu tagogi su ɗauki rawa,
kaji su watse, Inna ta yi tsaki,
Baba ya ajiye cokali ya dubi agogo:
"Minti goma sha ɗaya, ya kai teku."

Yau kwanansa uku a hanya
bai ga ko rabinta ba.

A mararrabar coci wayar ta yi ƙasa,
jelarsa kuwa ta fi ta tsawo.
Na sa gora na tura sama, kafaɗuna na kuka.
Shamuwar da ke sheƙa bisa turken
ta miƙe da ƙafa ɗaya, ta leƙo,
ta dubi wanda ya saba wuce ta, yau a ƙarƙashinta.
Direbar, Nedyalka, ta zuge gilashi,
ta tofar da ɓawon irin da take ɓarza:
"Ƙara taki ɗaya, malam, taki ɗaya!"

Tsohuwa Tsonka ta fito da rigar barci
da bargo a ka.
"Yaƙi ne?"
Wani soja, yaro ƙarami, ya ce, "Gidan tarihi, Kaka."
"To me ya sa da dare, kamar kayan sata?"
Ba wanda ya tanka mata.

Da ya zo daidai ni na saki hannu ɗaya na taɓa shi.
Sanyi. Raɓa. Ɗan warin kananzir.
Lamba arba'in da bakwai, fenti ya fara ɓarewa.
Ko yana cikin na Baba? Ban sani ba.

Jelar ta wuce da tazarar yatsa uku.
Na sauke wayar a hankali,
fitilar chemis ɗin ƙauye ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Baba bai farka ba.
A kan kunnen dama yake kwana.
Da safe ya tsaya bakin shinge yana faɗa:
wa ya tattake masa furannin bakin titi?
Na matsa ta ɓangaren da yake ji, na gaya masa.
Ya yi shiru. Ya ɗaga hannu ya dubi agogo.
"Daga gada zuwa coci, minti nawa?"
Na ce arba'in.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Na fi shi," in ji shi.
"Da sandata talatin da biyar nake yi."