Lifta Biyu

Shekara ashirin da uku ina gadin wannan bene
a Sao Paulo, kan titin da itatuwa suka yi wa rumfa.
Sunana Valdomiro, sai dai ba mai wahalar faɗinsa;
"kai" ta ishe su, ko ɗaga yatsa.

Lifta biyu ce a gidan.
Ta gaba mai madubi da jar darduma, kullum cikin ƙanshi.
Ta baya ƙarfe zalla, jikinta duk ƙarzuna,
tana warin albasa da shara da jiƙaƙƙen kare.
Babu allon da ya ce wane nan, wane can.
Doka ma ta hana, ga ta an maƙala cikin gilashi.
Ni ne allon.
Idona ke karanta fata tun baki bai buɗe ba.

Uwata Jurema ta yi wanki a hawa na shida
har yatsunta suka kanannaɗe kamar busasshiyar citta.
Ba ta taɓa ganin fuskarta a madubin nan ba.
Tana zuba min wake da shinkafa takan ce,
"Kan da ya sunkuya, ɗana, ba ya gwaruwa da ƙofa."
Na haddace. Na ci abinci da shi har na yi furfura.

Ran Talata ana ruwa kamar da bakin ƙwarya
sai ga mace ta shigo rungume da kwali,
baƙa wuluk irina, gashi a tsaye ba ta danne shi ba,
silifas a ƙafa, riga sharkaf.
Ko gaisuwarta ban bari ta kai ƙarshe ba.
Na yi nuni da haɓa: "Masu kawo saƙo, ta can.
Ki goge ƙafa, yanzu aka wanke tayil."

Ta dire kwalin kan teburina.
Littattafai ne masu kauri, da zanen zuciya a bangonsu.
Ta laluba jaka, ta fiddo makulli
mai lamba casa'in da biyu.
Hawa na tara. Gidan da aka sayar watan jiya
ga Dakta Ivonete Sampaio,
wadda ni da hannuna na goge tagullar sunanta da safe
ina zana ta a raina: fara, doguwa, da tabarau.

Da ta yi faɗa, da na samu sauƙi.
Da ta ce za ta kai ƙarata, da na san inda zan tsaya.
Sai kawai ta dube ni
irin kallon da likita ke wa ƙurji kafin ya taɓa,
ta ce, "Baba, wa ya fara nuna maka ƙofar can?"

Yawu ya ƙafe min.
Ashe da ɗan gari akan ci gari,
ni ne ɗan garin, har da hula da maɓallai masu ƙyalli.

"Kama min kwalin," in ji ta, "ya yi min nauyi."
Muka shiga ta gaba. Dardumar ta haɗiye ƙarar takalmina.
Ɗaya, biyu, uku.
Na ɗaga kai.
Ga tsoho a madubi yana rungume da kayan wani,
da hancin Jurema, da goshin Jurema,
har da yadda take matse kafaɗa kada ta cika wuri.
Da muka wuce na shida na kau da ido.

Ba zan ce na warke ba.
Washegari yaron gidan burodi ya shigo da leda,
fuskarsa na sheƙin gumi, yana jiran umarni,
matar hawa na shida kuma na tsaye da karenta, tana kallo.
Na ji haɓata ta fara tashi da kanta,
kamar jakin da ya san hanyar gida.

Na sa hannu na riƙe ta.
Yaron na kallona, ni ina kallon ƙofofi biyu,
ruwa kuwa bai tsaya ba.