Fuskar Nélida a Kan Zanin Gado

Zanin gadon Fortunata muka rataya,
don bangon zauren taro ya tsage.
Akwai faci a tsakiyarsa, ɗinkin hannu,
daidai inda kuncin mutum zai sauka.

Ni na ɗauko majigin daga makaranta,
na rungumo shi cikin bargo kamar ɗan akuya.
Igiya ta gaza, muka jawo tebur tsakiyar ɗaki,
muka tokare ƙafarsa da littafin lissafi.
Gilashin kwamfutar ya mutu tun bara,
idonta kaɗai ya rage,
shi ma jama'a yake kallo, ya ba zanin baya.

Mutum sittin da 'yan kai, da karnuka biyu.
Sanyin tsaunukan Andes na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa,
warin jiƙaƙƙen ulu, dankali ya huce a tukunya.
Ƙarfe huɗu a nan. A Milan dare ya yi nisa,
ta kwantar da tsohuwar da take jinya,
ta laɓe a kicin.
Kwanon da ke bisa kanmu guminta ne,
shekara shida, falle bayan falle.

Lasifika ta fara da kuwwa,
wani jariri ya amsa mata.
Na rage murya, na cire, na mayar,
sai ga ta.

Fuska ta fi ƙofa tsawo.
Ido ɗaya ya kai faranti.
Wata ta ce ta rame, wata ta ce haske ne.
Muka gaishe ta baki ɗaya,
gaisuwar ta yi numfashi uku a hanya.
Ta soma magana, muka soma,
ta yi shiru, muka yi shiru,
kamar mutum biyu a ƙofa ɗaya, kowa na cewa wuce.

Shugaban kwamiti na warware jawabinsa
sai Eusebio ya tashi.
Ya cire hula, ya taka har gaban zanin.
Inuwarsa ta cinye mata baki da haɓa,
hancinta ya sauka a gadon bayansa.
Ta ce, "Ina Baba? Ban gan shi ba."
Alhali hannunsa na kan facin.

Na janyo shi a hankali.
Na ce, "Nan za ka duba, wannan ɗan ramin."
Ramin bai kai ƙwayar wake ba.
Ya duba, ya waiwaya, ya sake dubawa.
Ya ce, "Malam, in na kalle ta, ba ta ganina.
In ta gan ni, na juya mata baya.
Wa ya ƙera abin nan? Ba shi da 'ya?"

Ban da amsa. Ni lissafi nake koyarwa.

Wilber ne ya fita, bai ce wa kowa komai ba.
Muka ji ƙarar sukurudireba a waje.
Ya dawo da madubin babur ɗin yayansa,
ya riƙe shi saman ramin, ya karkata,
ya ƙara karkatawa,
har tsohon ya ce, "Tsaya."

Ga ta nan cikin madubi, tafin hannu ya rufe ta,
ƙarama, kamar ranar da aka miƙo masa ita.
Ya tambaye ta ko tana cin abinci.
Ya gaya mata saniya ta haihu.
Sauran mu muna kallon babbar fuskar
tana kuka a kan zanin Fortunata.

Sabis ya ɗauke tana tsakiyar dariya,
baki a buɗe, ido rabi.
Ba wanda ya motsa.
Hannun Wilber na rawa, bai sauke ba.

Jawabin ya koma aljihu, shafi huɗu.
Fortunata ta ninke zaninta, facin a ciki.
Na naɗe majigin a bargo na kama hanya,
har na wuce gada
da sauran ɗuminsa a ƙirjina.