Maɓallin Kusurwa

A shagon Baffa Hamajoda, bayan babbar kasuwar Garwa,
inda ake buga takardar neman aiki da katin biki,
ɓeran kwamfuta ya mutu tun kafin zuwana.
Yana rataye da wutsiyarsa a jikin ƙusa,
kamar wanda aka kama cikin buhun gyaɗa.

"Ba zan sayi wani ba," in ji Baffa.
"Hannuna rawa yake, ɓera kuwa ba ya bin mai rawa.
In nufi jakar Maris, ya kai ni Mayu.
Maɓalli yana nan inda ka bar shi jiya,
ko da makyarkyata ka zo, zai jira ka."

Sai ya jawo mini benci.
"Kibau huɗu, Astajam, su ne ƙafafunki.
Antire ƙofa ce, taɓa ki shiga.
In kin nutsa, jaka cikin jaka cikin jaka,
kamar baƙo a lungunan Yelwa,
Alt da kibiyar sama za su fito da ke bakin titi.
F2 raɗin suna ne, ba rago, ba goro.
In kina neman fayil, kar ki bi layi kina ƙirga,
danna harafin farko, zai amsa."

Ni kuwa a Yola na koyi bugu,
a kan madannan Ingilishi.
Na dawo gida na tarar da na Faransanci:
A ya yi ƙaura, Q ya gaje masa ɗaki.
Na ce Kontrol da A, ku tattaro mini kowa,
yatsana ya yi sallama a tsohon gida,
taga ta rufe ruf.
Direban motar auduga da ke jiran takardarsa
ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
Wata biyu ina ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba
kafin yatsu su yarda sun sauya ƙasa.

Daga nan sai sauri ya shige ni.
Kwafa, manna, yanka, koma,
ba na duban hannu, ba na duban kowa.
Baffa ya ce, "Sufur shi kaɗai kwandon shara ne, ana tonowa.
Maj da Sufur Binuwai ne a watan Agusta,
abin da ya faɗa, sai dai a tambayi mutanen Yola."
Na ce na ji.

Ran wata Laraba, zafi har fanka ta gaji,
ina share tarkacen bara.
Na danne Maj, ina gangarawa da kibiya,
shuɗi yana cin sunaye ɗaya bayan ɗaya.
Na zarce da taki guda.
Jakar da ke ƙasa sunanta Dudu.
Hoto goma sha ɗaya ne a ciki,
da muryarta tana faɗa a kan tsadar manja,
shekara guda kafin a kai ta makwanci.

Maj da Sufur.
Kwamfuta ta tambaya, sau ɗaya take tambaya:
kin tabbata?
Yatsana ya riga ya kama hanyar Antire.

Hannun nan da ba ya kai shayi baki
sai rabi ya zube a riga,
shi ya riga ni.
Ya sauka can sama, a kusurwar hagu,
kan maɓallin da ke zaune shi kaɗai kamar mai gadi.
Eshap.
Tambayar ta ɓace. Dudu tana nan.

Bai yi faɗa ba.
Ya daɗe yana duban sunan, hannun yana ta rawarsa.
"Laifina ne," ya ce. "Na koya miki shiga da fita,
ban koya miki fasawa ba."

Yanzu ba ya iya zuwa shago.
Ni ke buɗewa, ni ke lissafin sefa da yamma.
Haruffan madannan sun goge, A da Q duk fari ɗaya,
yatsu sun san hanya ko a duhu.
Ɓeran yana nan a ƙusarsa.
In tambayar nan ta fito,
nakan ɗage hannun dama, in karanta sunan da baki,
na hagu kuma yana can kusurwa, yana jira.