Baƙuwa a Aljihu

Ranar Laraba Sahabi ya aiko ta
a motar Jega, kwali cikin kwali.
Na buɗe, na ce: wannan ce kyamarar?
Ba ta fi sabulun wanka ba.
Shekara talatin da ɗaya ina rataye ƙarfe a wuya
har kafaɗar dama ta karkace,
yau ga abin da aljihun 'yar shara ke haɗiyewa,
kuma wai kuɗinta ya kai na san huɗa.

Sai da na ɗauka na ji ta zauna a tafi,
nauyin kwaɗon kirki, ba na gwangwani ba.
Zoben bakinta, in ka murza, ƙas, ƙas,
kamar carbi mai ƙirga kansa.
Na kai ta ido bisa sabo,
babu ramin leƙe,
hancina ya bar maiƙo a gilashi,
jikokina suka faɗi ƙasa don dariya.

Na fita da ita kasuwar albasa ta Aliero
yadda ta zo, ban taɓa mata komai ba.
Nomau na zaune kan buhu, rana tsaka.
Na ɗauka. Na duba.
Albasa ta fito, buhu ya fito, har ɗinkin bakinsa,
Nomau kuwa ya zama inuwa mai hula.
Ya leƙo, ya ce, "Malam Arzika, ni ina nake?"

Ashe wanda ya saita ta
bai taɓa tsayawa a ranar Kebbi ba.
Bai san baƙar fata na da haskenta ba,
sai dai ka yi haƙuri ta ba ka shi.

Da yamma na gwada ta a kan Inna Kulu
tana tsince shinkafa a faifai.
Kyamara ta ga fuska, ta yi mata akwati,
ta goge ta sumul kamar sabuwar tasa.
Zanen Kabawan da ke kuncinta,
da tamojin shekara tamanin,
duk ta share, wai gyara ne.
Inna ta duba ta daɗe,
ta ce, "Yarinyar nan kyakkyawa ce. 'Yar wa?"

Daren nan ban kwanta da wuri ba.
Tabarau a kan hanci, shayi ya huce,
na shiga cikinta ɗaki bayan ɗaki.
Na kashe gogar fuska tun farko.
Na kashe ƙit-ƙit ɗin da take yi,
mai sa mutum ya gyara zama ya zama wani.
Na tarar tana da gurbi uku na ajiyar saiti,
kamar rumbu uku a bayan gida.

A na farko na zuba ranar kasuwa:
haske ya hau taki biyu saboda fuska,
ja ya sauka kaɗan,
don albasa ta tsaya albasa, kada ta koma tumatir.
A na biyu, almuru a fadama,
na bar mata duhunta da 'yan tsakuwoyinsa,
ba kowane duhu ne ke neman fitila ba.

Washegari na koma wurin Nomau.
Ya fito, har zufar da ke goshinsa,
har giɓin da jaki ya yi masa yana yaro.
Ya ce, "To, yanzu ga ni. Amma cire giɓin."
Na ce ba ni da wannan saitin.

Inna ma ta dawo da zanenta,
layi layi, kamar kunya bayan ruwa.
Ba ta ce komai ba,
ta shafa kuncinta, ta ci gaba da tsinta.

Gurbi na uku yana nan fanko.
Sahabi ya kira ya ce in sa baƙi da fari.
Na ce bari tukuna.
Baƙo ba a cika masa ciki rana ɗaya,
kuma damina ba ta zo ba,
ban ga yadda za ta kalli kore ba.